An Saki Gonarmu Daga Masaukin Baƙi

Har yau, in na ji an ce za a kwashi mutane a kai su wani masauki a cikin daji domin su zauna su yi tunani, sai in ji raina ya ɓaci tun ban san a kan me za su zauna ba. Matata ta san halina. Da an fara karanta sanarwar bayan taro a rediyo, sai ta miƙa hannu ta rage murya kafin in soma faɗa da akwatin. Sau ɗaya tak na je irin wannan taro, kuma shi ya raba mahaifina da amininsa.

Mu mutanen wani ƙauye ne kusa da Mungadi, a ƙasar Maiyama. Ni aikin koyarwa ya kai ni Jega, amma Baba bai taɓa barin gona ba. Yana da aboki Bafulatani mai yawo da shanu, wanda muka tashi muna kira Baffa. Ban san inda suka haɗu ba, na dai buɗe ido na gan su tare. Kowace kaka, in an gama girbi, Baffa zai sauka a gonarmu ta tudu da garkensa, shanu su ci kara da harawa, su bar mana taki. Sauran manoma suna naɗe harawar wakensu su ɗora a kan itace, su sayar da rani. Baba ba ya yi. Sai ya tsince waken ya bar harawar a shimfiɗe, ya ce ta shanun Bahillace ce. Haka yake kiransa, shi kuma ya ce masa Kaɗo, su zauna a bakin zaure suna zolayar juna, Inna tana dama musu fura da nonon da matan Baffa suka kawo. Ban taɓa ganin an auna wani abu a tsakaninsu ba.

Shanu kuwa ba sa shiga gona sai an saki daji. Yadda muke yi a garinmu, maigari ne zai fita da dattawa su zaga gonaki da ƙafa, su ga wanda ya gama da wanda bai gama ba. Bayan sallar Juma'a a zauna a ƙofar gidansa, Fulanin rugagen da ke kusa su zo, kowa ya faɗi abin da ke ransa. Ko tsohuwa ɗaya ce ba ta gama tsintar wakenta ba, sai a ɗaga mata. Sannan sanƙira ya zaga ya faɗi rana. Kowane gari da tasa ranar, domin ruwa ba ya sauka wa kowa lokaci ɗaya. Masu tahowa daga nesa irin su Baffa, sai su tsayar da shanu a bayan gari, babba ya shigo ya yi gaisuwa ya tambaya ko an saki.

A shekarar da nake magana damina ta yi mana gardama. Shukar farko ta ƙone, aka sake. Dawa da ƙyar aka yanke ta, wake kuwa ya yi 'ya'ya sosai amma yana nan kore shar, bai ko fara bushewa ba. Ana cikin haka wata ƙungiya mai neman zaman lafiya tsakanin manoma da makiyaya ta shirya taro. Aka ce za a kwashi wakilai daga Jega da Aliero da Maiyama a kai su masaukin baƙi na gwamnatin jiha da ke bakin wani gandun daji, a kwana can ana shawara. Maigarinmu ya tsufa kuma ba ya jin Turanci, sai aka ce in raka shi.

Na je sallama na tarar da Baba yana gyaran kwando a zaure. Na gaya masa inda za mu da abin da za a yi. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "To mi ya hana su tahowa nan? Ga gonar, ga shanun."

Na ce, "Wai can ya fi shiru, Baba. Babu mai damun mutane."

Ya ce, "Uhm. To ka hwaɗa musu wakenmu bai yi ba."

Muka wuni a mota. Masaukin kam ba laifi, gaskiya ɗaya ce. Ɗakuna a jere, kowanne da fanka da ruwan famfo, ga manyan itatuwa, ga birai suna tsalle a kan rufi suna jiran wanda zai ajiye burodi. Da muka sauka wani ma'aikaci yana riƙe da tiyo yana shayar da ciyawar ado. Wani mai albasa daga Aliero da muka zo tare ya tsaya yana kallon ruwan nan yana malala, ya ce shi ya baro irinsa a fadama yana neman wanda zai ba shi ruwa kafin ya dawo. A bakin ƙofa akwai allo babba da aka rubuta an hana kiwo. Nan aka kawo mu mu yi maganar kiwo. Ka leƙa ta kowace taga, ba za ka ga kan dawa ɗaya ba, ba za ka ga saniya ɗaya ba. Waya kuma babu sabis, kuma mai shirya taron har alfahari yake da haka, wai yanzu hankalinmu zai tattaru wuri ɗaya.

Sai wakilan. Wanda ya zauna a kujerar manoma ɗan kwangilar takin zamani ne, na gaisa da shi na ji hannunsa ya fi na matata laushi. Wanda ya zauna a kujerar makiyaya na san shi sarai, shagon wayoyi gare shi a Sabon Garin Jega, Fillancinsa daga gaisuwa ya ƙare. Ban ce mutanen banza ba ne. Amma don Allah wane makiyayi ne zai bar garkensa a cikin kaka ya je ya kwanta a kan katifa a daji? Wane manomi ne zai bar amfaninsa a waje? Duk wanda abin ya shafa da gaske yana da dalilin da ba zai iya zuwa ba, sai aka cika ɗaki da waɗanda suke da sarari.

Aka raba mana riguna masu gajeren hannu da hulunan hana-sallah. Maigarinmu ya karɓi nasa da hannu biyu, ya ninke ya ɗora a cinya, har aka tashi bai san abin da zai yi da su ba. Mai gabatarwa wani matashi ne mai fara'a, ba ya gajiya da murmushi. Da safe ya sa dattawa masu furfura su miƙe su yi tafi, su jefa wa juna ƙwallo kowa ya faɗi sunansa, wai don a saki jiki. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Abin da bai lura da shi ba shi ne yadda ya jera kujerun. Ya zaunar da masu gari a kujera ɗaya da iyayen ƙasa, kafaɗa da kafaɗa, yana cewa a nan kowa daidai yake. Maigarinmu, wanda a ƙofar gidansa yake raba gardamar mutum goma, tun da ya ga uban ƙasa a gefensa ya sunkuyar da kai bai sake ɗagowa ba. A gida, a kan tabarma, kowa ya san wurinsa kuma kowa yana magana. A can aka daidaita kujeru, bakin mutane ya mutu.

Kafin azahar ta rana ta biyu mai gabatarwa ya ce ya gano tushen matsalar. Wai kowane ƙauye da ranar sakin dajinsa, makiyaya suna ruɗewa, saboda haka a tsayar da rana ɗaya ga ƙananan hukumomin uku, a faɗa a rediyo, kowa ya huta da tambaya. Aka ciro kalanda daga bango. Ba wanda ya tambayi yadda gonaki suke. Abin da aka duba shi ne ranar da babban baƙo zai samu damar zuwa ƙaddamarwa, da kuma wadda za ta yi sauƙin tunawa. Uban ƙasarmu ya gyaɗa kai, sauran ma suka gyaɗa.

Na ɗaga hannu har ya gaji kafin a miƙo mini makirfo. Na ce, "Ranku ya daɗe, a wajenmu an sake shuka bana. Wake bai bushe ba, kuma ba zai bushe kafin wannan rana ba. In shanu suka shigo, ɓarna za a yi."

Matashin ya ce, "Madalla, Malam. Wannan muhimmin batu ne." Ya rubuta a wani kwali ya manna kusa da ƙofa, inda ya ce ana ajiye abubuwan da za a dawo kansu. Sannan ya juya ga maigarinmu ya ce, "Baba maigari, haka ne? Ranar ba ta yi muku ba?"

Uban ƙasa yana zaune a gefensa, ya riga ya gyaɗa kai a gaban kowa. Tsohon ya dubi rigar da ke cinyarsa ya ce, "Abin da manya suka gani shi ne daidai."

A lokacin kamar in shaƙe shi. Daga baya na daina jin haushinsa, domin ba a haifi maigarin da zai ƙaryata uban ƙasarsa a gaban baƙi ba, kuma duk ɗan ƙasar nan ya san haka. Wanda ya yi masa tambayar a wannan wuri shi ne mai laifi. Aka ce lokacin shan shayi ya yi. Na bi matashin har teburin, na same shi da ƙosai a baki, na sake maimaita masa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, in aka ce sai an bi kowane ƙauye, ai mun koma inda muka fito." Na ce inda muka fito ɗin me ya same shi? Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake.

Da yamma suka ƙara wata. Wai daga yanzu babu sasanta ɓarna a zaure ko a gindin itace, domin ana danne wa masu rauni haƙƙi. Duk ɓarnar da aka yi sai a kai wa kwamiti. Aka yi tafi, aka ɗauki hoto a kan matakala. Da za mu shiga mota na leƙa ɗakin taron, kwalin yana nan manne kusa da ƙofa, fanka tana kaɗa gefensa.

Muna isowa gida rediyo ta riga mu. Safe da yamma ana faɗin ranar, da Hausa da Fillanci, ana cewa ba sai an tsaya tambayar kowa ba. Maigari ya yi abin da zai iya. Ya aika rugagen da ke kusa a ce su yi haƙuri su dakata, kuma suka dakata, Allah ya saka musu. Amma masu tahowa daga nesa rediyo kawai suke ji. Baba ya sa na bar sallahu a kara, kasuwar shanu ta Jega, ko za a samu mai kai wa Baffa, ba a samu ba. Muka shiga gona mu duka, har da matan ƙannena, muna tsintar abin da ya bushe. Bai taka kara ya karya ba.

A shekarar ƙafafun Baffa sun fara ba shi wahala, yana baya tare da mata da kaya. 'Ya'yansa ne, magidanta, suka yi gaba da garke. Sun iso daf da magariba. Suka ga an yanke dawa, ga harawa kore a shimfiɗe a gonar Kaɗo kamar kowace shekara, ga rediyo ta ce an saki. Ba su je gonar kowa ba, tamu suka nufo kai tsaye, domin sun san tasu ce. Suka saki shanu. Kafin gari ya waye dabbobi sun cinye namu sun tsallaka na maƙwabta.

Da safe na tarar da Baba a tsakiyar gonar, ya cire hula yana tsintar kwanson waken da aka tattake yana zubawa a ciki. 'Ya'yan Baffa suna tsaye daga nesa sun kasa matsowa. Bai yi musu faɗa ba. Ya nuna wata farar saniya mai karyayyen ƙaho ya ce da ni, "Wagga a gonar nan aka haihe ta." Sannan ya ce musu, "Ina tsohon?" Suka ce yana hanya.

Maƙwabta kuwa ba su yi shiru ba, kuma ban ga laifinsu ba, abincin shekararsu ne. Da a da ne, a ƙofar maigari za a zauna, a yi faɗa a yi rantsuwa, a ƙarshe a daidaita. Amma an ce sai kwamiti, sai suka tafi kwamiti. Su kuma 'yan kwamiti dama suna neman shari'ar farko da za su nuna suna aiki. Baffa yana isowa, ko ruwa bai sha a gidanmu ba, aka ɗauke shi a mota zuwa Maiyama.

Ni da Baba muka bi bayansu, kuma abin da na gani a barandar da kwamitin ya zauna ba zai fita daga idona ba. 'Yan kwamitin suna zaune a kan kujeru, har da ɗan kwangilar taki da mai shagon wayoyi, biyu daga cikinsu sanye da hulunan taron. Baffa, tsoho mai ciwon ƙafa, an durƙusar da shi a ƙasa, malfarsa a hannu, jama'a sun kewaye suna kallo. Mai shagon wayoyi ne ma ya fi kowa yi masa tsawa, da Hausa, wai irinsu ne ke ɓata wa Fulani suna. Na miƙe na ce ai ku kuka sa rana, ku kuka faɗa a rediyo, kuma na gaya muku a can. Shugaban ya ce sanarwa ta shafi gonakin da aka gama girbewa ne, makiyayi ai yana da ido. Ka ji fa. Mutanen da suka sa rana ba tare da sun ga gona ko ɗaya ba, su ne suke yi wa wani gorin ido.

Sai Baba ya tashi. Bai saba magana a irin wannan wuri ba. Ya ce, "Ni dai tawa gonar, na yahe. Wakena ne. Ku tada shi."

Shugaban ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, an yanke a taro. Babu yafiya ta bayan fage. Sai an ƙiyasta an biya."

Baba ya ce, "Wanga mutum abokina ne."

Aka ce an ji, ya zauna. Aka ƙiyasta ta maƙwabta, aka ƙiyasta tamu, a gaban Baffa, yana durƙushe. Bai dubi inda Baba yake ba ko sau ɗaya. Ya sayar da shanu ya biya, har da farar nan. Da aka kawo wa Baba rabonsa, ko kwancewa bai yi ba, ya hau keke ya nufi inda suka sauka a bayan gari don ya mayar. Ya tarar da toka da kashin shanu, sun tashi.

Da kaka ta zagayo Baba ya tsince wake ya bar harawa a shimfiɗe. Baffa bai zo ba. Awakin gari suka ci wadda suka ci, sauran ta bushe ta rududduge. Wata shekarar ma haka. Ƙannena suka fara gunaguni, wai ga harawa tana tsada, ga gona ta fara gajiya babu taki. Baba ya ce duk wanda ya taɓa ta shi da shi ne. In na zo daga Jega, kafin ya tambayi lafiyar jikokinsa sai ya ce, "Ba ka ji labarin Bahillace ba?" Na yi ta cigiya a kara har aka san ni. Aka ce sun yi kudu, sun ƙetare gulbi. Na aika saƙo ya fi a ƙirga. Sau ɗaya amsa ta dawo, wai yana gaishe shi, shi ke nan.

Ana nan kuma sai ga waya daga masu taron, wai za a koma masaukin nan a duba irin nasarorin da aka samu, kuma suna so in zo domin na ba da gudummawa mai kyau a wancan karo. Abin da na gaya wa mai kiran ba zan rubuta shi a nan ba, ina da ɗalibai. Ranar bai-ɗayar kuwa ta mutu da kanta. Garuruwa suka koma zaga gonaki da ƙafa, ba wanda ya fito a rediyo ya ce an yi kuskure.

Baba ya rasu a cikin kaka, bayan an gama tsintar wake. Muna zaman makoki a ƙofar gida sai ga ɗan acaba ya sauke wani tsoho ramamme da sanda. Sai da ya cire malfa na gane shi. Bai shiga zaure ba, ya zauna a bakin tabarma can gefe, ya yi addu'a mai tsawo. Da mutane suka ragu na matsa kusa da shi na ce, "Baffa, wallahi bai taɓa riƙe ka a rai ba. Har ya koma ga Allah yana tambayarka."

Ya ce, "Na sani, ɗana. Ni ne ban iya haɗa ido da shi. An durƙusar da ni gabanai, an sa wa abin da ke tsakaninmu kuɗi. Da wace huska zan sauka gonarshi?"

Na ce ya zo in nuna masa wani abu. Muka taka a hankali har gonar tudu, ina riƙe da hannunsa. Harawa tana nan a shimfiɗe daga wannan kunya zuwa waccan, ba a taɓa ta ba. Na ce, "Taka ce. Kowace shekara haka yake bar maka."

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya dogara sanda ya sunkuya da ƙyar, ya ɗebo kaɗan ya murza a hannu ya shinshina. Ya ce, "Ta yi kyau bana." Sannan ya ce, "Shanun suna nesa, ɗana. Yaran ba su ƙara biyowa ta nan." Ya ce in kai shi ya ga kabarin.

Bayan an watse makoki ƙannena suka shiga gonar da igiya suka naɗe harawar, suka ɗora a kan itace kamar ta kowa. Ina tsaye ina kallonsu, ban hana su ba.